Tuntuɓe Dabam, Rashin Sanin Hanya Dabam

Jama'a, aikin tsara darasi ba a ganinsa a fili, amma a kansa karatun yaro ya ke tsayawa. Mai wannan aiki shi ke shirya abin da za a fara koyarwa, da abin da zai biyo baya, da yadda za a gwada ko yaro ya gane. In ya kuskure, ba shi kaɗai ya kuskure ba, duk malamin da ya bi takardarsa, daga Jangeru har Zurmi, ya bi shi cikin kuskuren. Saboda haka ya kamata mu san wanda za a yi wa gyara, da wanda za a karɓe aikin daga hannunsa.

Ga misali. Tun cikin shekarun 1930 aka soma buga Hausa da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. In mai shirya darasi ya rubuta kafa inda ya ke nufin ƙafa, sau ɗaya cikin littafi, wannan tuntuɓe ne, alƙalami ya ke gyara shi. Amma in ya sa yara su yi rabawa tun ba su iya ɗebewa ba, ko ya yi tambaya a jarrabawa kan abin da darasinsa bai koyar ba, to, wannan bai san hanyar ba ne.

Akwai kuma laifin da ba na ma'aikaci ba. A 1976 gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka zo fiye da yadda aka zata, aka horar da malamai cikin gaggawa. Wanda aka ba aiki ba a koya masa ba, laifin na wanda ya ba shi ne. A 2017 kuwa, gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamai kamar 33,000 jarrabawar aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. Jarrabawa irin wannan ta kan nuna abin da mutum ya sani, amma ba ta nuna ko zai gyaru in an nuna masa.

Mu a ganinmu, tambaya uku ya kamata hedimasta ko sufeto ya yi. Ta fari, in an nuna masa kuskuren, ya kan gane dalilin da ya sa ya zama kuskure? Ta biyu, bayan gyara, ya kan sake irinsa? Ta uku, an ba shi horo da kayan aiki? Wanda ya gane, bai maimaita ba, a yafe masa, gama in ana korar mai tuntuɓe, sauran za su riƙa ɓoye nasu. Wanda aka horar, aka nuna masa, ya yi ta maimaitawa, lalle a sake masa wani aiki.

A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun Zamfara saboda 'yan bindiga. Yaran Shinkafi da Ƙauran Namoda sun riga sun yi hasarar watanni, bai kamata darasi marar tsari ya ƙara cinye musu wasu ba. Allah shi ba shugabanni basirar rarrabewa, amin.