Bayan likita ya fita daga ɗaki

Likita yakan zagayo da safe, ya tsaya 'yan mintuna a bakin kowane gado, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Sauran yinin da daren duka, marar lafiya yana hannun nas. Ita ce mai auna zafin jiki da hawan jini, mai laluben jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, mai ɗaura ƙarin ruwa ta tsaya tana ƙirga ɗigonsa, mai juya tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye don kada bayansa ya zama gyambo. Ita ce kuma take fara lura idan numfashin wani ya canza, ta aika a taso likita. Akwai maza da dama a aikin, amma mata sun fi yawa.

Duk da haka, in ana hirar asibiti a majalisa ko a gidan suna, nas ce ke shan suka: ga masifa, ga wulaƙanci, ga tsawa ga mai naƙuda. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu wata gajiya da za ta halatta zagin mace tana kan gwiwa. Sai dai masu sukar ba kasafai suke tambayar gado nawa ke wuyan wadda ta yi tsawar ba.

A farkon 2024, magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce fiye da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ingila ce ta fi kwasa, sai irin su Amurka da Kanada da Saudiyya. Hukumar ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aiki shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Wadda ta tafi ba ta tafiya da marasa lafiyarta; a kan wadda ta zauna ake jibge su.

A dutin dare ake ganin abin sosai. Aikin safe da na yamma kusan awa shida-shida ne, na dare kuwa ya kan kai goma sha biyu. A babban asibitin jiha, ba abin mamaki ba ne a tarar da nas biyu suna riƙe da ɗaki guda cike da gadaje. Ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, ba a tada janareta ba, ɗaya ta cije wayarta a baki tana haska hannun yaro don ta sa allura, ɗayar tana wajen wadda jini ya ɓalle wa. Daidai nan wani mai jinya zai taɓo ta: "Sista, ruwan Baba ya ƙare." Ta ce tana zuwa. Shi a wajensa an share shi ne. Ita kuwa ta riga ta yi lissafi: Baba zai iya jiran minti goma, mai zubar jini ba za ta iya ba.

Sannan duk abin da asibiti ya gaza a kai, fuskarta ake gani. Ba ita ke sayo magani ba, amma ita ke cewa a je a sayo safar hannu da sirinji a waje. Ba ita ke raba gado ba, amma daga bakinta ake jin babu. Idan rai ya yi halinsa, ita ce a tsaye a gaban dangi, kuma an sha kai wa nas-nas duka a irin wannan lokaci.

Haɗarin cuta ma tsohon abu ne a wannan sana'a. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ya fara kashewa: Laura Wine, sai Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta a Jos. Har gobe, mai zazzaɓin da aka kawo cikin dare ba ya zuwa da sakamakon gwaji a hannu.

Ga kuma gida. A Arewa ana matuƙar buƙatar nas mata, domin magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba iyalinsu, amma ba kowane miji ke jure matarsa ta kwana a asibiti ba, balle dangin miji. Ta tashi daga duti da safe, girki da yara suna jiranta.

Ranar 30 ga Yulin 2025, nas-nas na asibitocin gwamnatin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai, suka janye cikin 'yan kwanaki, bayan zama da gwamnati. Cikin buƙatunsu akwai ƙarin alawus na duti da na yunifom, da ɗaukar sababbin ma'aikata.

Wannan na hukuma ne. Akwai abin da ke hannun mai jinya. Idan nas ta tambayi abin da aka ba marar lafiya a gida, a faɗa duka, har jiƙo da allurar kemis, domin ɓoyewa kan sa a haɗa masa magungunan da ba sa jituwa. Kada a taɓa makunnin ƙarin ruwa don ya yi saurin ƙarewa. Ruwa mai gudu na iya cika huhun yaro ko na mai ciwon zuciya. Idan an ce kada a ba shi komai kafin tiyata, har kunu da ruwa ake nufi. 'Yan dubiya su rage cincirindo. Wanda kuwa aka wulaƙanta, kowane ɗaki yana da shugabar nas-nas, a samanta kuma akwai ofishin shugabar ma'aikatan jinya na asibitin, can ake kai ƙara.