Allurar Masu Wankin Ƙoda: Haƙƙin Ƙirƙira Ya Ƙare, Me Ya Hana Mu Sarrafa Ta?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda a ɗaya daga cikin manyan asibitocinmu ya san cewa biyan kuɗin wankin ƙoda somin-taɓi ne. Bayansa akwai wata 'yar allura da likita kan rubuta, wadda ake yi wa majinyaci sau biyu ko uku a mako, kuma tilas a adana ta cikin sanyi. Sunanta iritirofoyetin, likitoci na taƙaita shi da EPO. Idan iyali suka gaza sayenta, sai jinin majinyaci ya yi ta raguwa, a koma fafutukar neman wanda zai ba da jini. A yankunan Gashuwa da Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗauke mutane, wannan ba baƙon labari ba ne.

An saba ɗora alhakin tsadar irin wannan magani a kan haƙƙin mallakar ƙirƙira da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke riƙe da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin haka al'amarin yake a shekarun baya. Sai dai haƙƙin da ke kan asalin wannan allura ya ƙare tuntuni, kuma har yau daga waje muke sayo ta. Tarihinta ya cancanci nazari, don yana nuna mana inda gizo ke saƙar.

Yadda jiki ke aika saƙo

Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma ƙwaya ba ta rabuwa gida biyu ko ta girma sai ta sami umarni. Masu kai wannan umarni wasu furotin ne da masana ke kira masu sa girma. Kowannensu tamkar mabuɗi ne da ke da kwaɗonsa na musamman a bangon ƙwayar da aka aike shi gare ta. Da zarar mabuɗi ya shiga kwaɗo, sai wasu furotin na cikin ƙwayar su riƙa miƙa wa juna saƙon hannu da hannu har ya isa cibiyarta, inda ake yanke hukuncin ta rabu, ta rayu ko ta mutu.

Rita Levi-Montalcini, 'yar ƙasar Italiya, ita ce ta fara gano irin wannan furotin mai sa jijiyoyi girma a farkon shekarun 1950. Abokin aikinta Stanley Cohen ya gano na biyu a 1962, bayan ya lura cewa jariran ɓeraye na buɗe ido da fitar da haƙora kafin lokaci idan aka yi musu allurar wani sinadari daga gurbin yawun ɓera. Su biyun suka raba lambar yabo ta Nobel a 1986.

EPO ɗaya ne daga cikin waɗannan 'yan aike. Ƙoda ce ke samar da shi idan ta ji iskar oksijin ta ragu a jini, shi kuma ya tafi ɓargo ya umarce shi da ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Jar ƙwayar jini ba ta wuce kimanin kwana 120 a raye, don haka aikin ba ya tsayawa. Idan ƙoda ta lalace, ɗan aike ya daina zuwa, ɓargo ya rage aiki, ƙarancin jini ya biyo baya.

Kura da shan bugu

Wanda ya fi kowa shan wahala a kan wannan furotin shi ne Eugene Goldwasser na Jami'ar Shikago, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana ƙoƙarin tace shi, da tallafin kuɗin gwamnatin Amurka. Ya yi nasara a 1977, bayan wani likita ɗan Japan mai suna Takaji Miyake ya kawo masa abin da aka tattara daga lita 2,550 na fitsarin masu fama da matsanancin ƙarancin jini. Abin da aka samu daga wannan tarin bai wuce kimanin miligiram 8 ba. Goldwasser bai mallaki haƙƙin ƙirƙira a kansa ba, jami'arsa ma ba ta mallaka ba.

Daga baya ya ba wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna Amgen, wanda aka kafa a 1980, wani ɓangare na abin da ya tace. Da shi ne Fu-Kuen Lin, masani haifaffen Taiwan, ya gano ƙwayar gadon EPO a 1983, wato guntun DNA da ke ɗauke da tsarin ƙera furotin ɗin. Aka dasa ta cikin ƙwayoyin halittar wata 'yar dabba dangin ɓera, aka raine su a manyan tukwanen ƙarfe, suka shiga zubo da EPO mai yawa. Amgen ya sami haƙƙin ƙirƙira a watan Oktoba na 1987, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da maganin a watan Yunin 1989 da sunan Epogen. Ya zama ɗaya daga cikin magungunan da suka fi kawo kuɗi a zamaninsa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma adalci ya sa a faɗa cewa gardin nan ma ya yi aiki, domin da fitsari ba za a taɓa wadatar da ko da ɗakin majinyata guda ba.

Wani kamfani, Genetics Institute, shi ma ya riƙe haƙƙi a kan tataccen EPO, sai rikici ya kai su kotu. Hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 1991 yana da muhimmanci ga batunmu. Kotun ta soke haƙƙin abokin hamayyar Amgen saboda bayanin da ya rubuta bai isa ya sa wani masani ya samu abin da ya yi iƙirari ba. Ta kuma soke wani ɓangare na iƙirarin Amgen kansa, inda ya nemi mallake duk wani furotin mai kama da EPO alhali kaɗan kawai ya nuna yadda ake haɗawa. Ma'anar wannan ita ce haƙƙin ƙirƙira ciniki ne: hukuma ta ba ka damar cin kasuwa kai kaɗai na ɗan lokaci, kai kuma ka bayyana wa duniya sirrin aikinka dalla-dalla. Wanda ya ɓoye sirri ya warware cinikin.

Ba a nan kaɗai labarin ya tsaya ba. Tsohuwar dokar Amurka na ƙirga shekara 17 ne daga ranar da aka ba da haƙƙi, don haka Amgen ya riƙa fitar da sababbin haƙƙoƙi daga takardun da ya shigar tun farkon shekarun 1980, na ƙarshensu bai ƙare ba sai 2015. A Turai haƙƙin ya ƙare a 2004, aka amince da kwatankwacin maganin daga wasu kamfanoni a 2007, yayin da Amurkawa suka jira har 2018. Masu sukar wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi a nan, kuma ina tare da su: kariyar da ta kusa kai shekara 30 ta zarce abin da aka yi ciniki a kai.

Ina muka tsaya?

Haƙƙin ƙirƙira yana aiki ne a ƙasar da aka yi masa rajista kaɗai, kuma ƙarƙashin yarjejeniyar cinikayya ta duniya da ta fara aiki a 1995 wa'adinsa shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Dokar Nijeriya ta 1970 ma shekara 20 ta tanada. Saboda haka babu wata doka da ta hana kamfanin Nijeriya ya ƙera asalin EPO a yau. Takardun Lin suna nan a intanet kyauta, duk ɗalibin da ya so zai karanta. Indiya da Sin da Koriya ta Kudu da Ajantina da Kyuba duk suna sarrafa nasu.

Abin da ya tsaya mana shi ne ƙwarewa da kayan aiki. Furotin irin wannan ya sha bamban da farasitamol da ake haɗawa daga sinadarai. Ƙwayoyin halitta masu rai ne ke ƙera shi, kuma suna liƙa masa wasu rassan sukari waɗanda ingancinsa a jiki ya dogara a kansu. Ɗan canji a ɗumi ko a abincin ƙwayoyin na iya sauya maganin. Yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, ruwa mai matuƙar tsabta, ma'aikata masu horo, da hukuma mai iya tantance kowane kaso. Da yawa daga wannan ilimi ba a rubuta shi a takardar haƙƙi, a hannun ma'aikata yake zama.

Misalin Kyuba ya isa darasi. Ƙasa ce ƙarama mai fama da takunkumi, amma ta buɗe cibiyar fasahar halittu a Habana a 1986. Masananta suka ɗauki furotin ɗin nan da Cohen ya gano tun 1962, suka ƙirƙiro hanyar yin allurarsa kai-tsaye cikin gyambon ƙafar masu ciwon suga don rage yanke ƙafa. Suka yi wa maganin rajista a 2006 da sunan Heberprot-P, suka kare shi da haƙƙin ƙirƙira, suna sayar wa wasu ƙasashe. Tsohon ilimi ne da kowa ke da damar ɗauka, suka ɗora nasu a kai.

Mu ma mun taɓa kamo hanya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirran gida, ta sami haƙƙinsa a Amurka a 1998, ta ba wani kamfanin can lasisi a 2002. An ƙaddamar da shi a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu ga masu buƙatarsa. Goldwasser ya yi bincike bai riƙe haƙƙi ba, mu kuma muka riƙe haƙƙi ba mu da masana'antar da za ta ɗore. Kowanne daga cikin biyun hasara ce.

Abin da ya kamata a yi

Na farko ya shafi jami'o'inmu. Tsarin ƙarin girma yana tura malami ya gaggauta buga sakamakon bincikensa a mujalla, alhali abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya rasa sharaɗin zama sabo, ba a kuma ba da haƙƙi a kansa. Hukumar NOTAP ta buɗe ofisoshin kula da wannan a jami'o'i da dama. Ya dace a ba su ma'aikata masana, a kuma ƙirga haƙƙin ƙirƙira mai inganci cikin ma'aunin ƙarin girma.

Na biyu, sassan nazarin sinadaran jiki da haɗa magunguna su mayar da takardun haƙƙin da wa'adinsu ya ƙare littattafan karatu. Ɗalibin digiri na biyu da ya bi takardar Lin mataki-mataki a ɗakin gwaji ya fi amfanar ƙasa a kan wanda ya maimaita binciken da aka yi sau ɗari.

Na uku, asusun TETFund da gwamnatocin jihohin da ciwon ƙoda ya fi addaba su haɗa ƙarfi a kan cibiya guda mai cikakken kayan aiki, maimakon rarraba kuɗi ga ɗakunan gwaji ashirin da babu mai wutar kwana ɗaya a cikinsu. A nemi haɗin gwiwa da masu sarrafawa na Indiya ko Kyuba bisa sharaɗin horar da 'yan ƙasa, gwamnati kuma ta yi alƙawarin sayen abin da aka ƙera don asibitocinta. Hukumar NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, wanda ke nuna akwai tubalin da za a ɗora aikin tantancewa a kai.

Haƙƙoƙin magungunan sankara da ke toshe irin waɗannan saƙonni na girma su ma suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da ta koyi ƙera EPO ta kama hanyar ƙera su. Wadda ba ta koya ba za ta ci gaba da neman dala don sayen ilimin da doka ta riga ta sakar wa kowa, majinyatanta kuma su ci gaba da ƙirga allurar da za su iya tsallakewa a wannan makon.