Ɗan Shekara 16 A Kan Ƙanƙara: Ya Zauna Gida Ko Ya Tafi Juniya?

A Kanada da wasu jihohin arewacin Amurka, inda hokin ƙanƙara yake da matsayin da ƙwallon ƙafa take da shi a sauran duniya, akwai wata shawara da ke hana iyalai barci idan ɗansu ya doshi shekara 16. Yaron ya taso tun yana ɗan shekara biyar ko shida yana buga wa ƙungiyoyin yara na garinsu, yana kwana a ɗakinsa, yana zuwa makarantar unguwarsu. Yanzu ga kiran waya daga wata ƙungiya mai nisan kilomita ɗaruruwa, tana so ya tattara kayansa ya koma abin da suke kira juniya, wato gasar samari 'yan shekara 16 zuwa 20, wadda daga ita sai jami'a ko wasan ƙwararru. Shekaru da dama wannan shawara tana da ƙa'idar da kowa ya sani. A ƙarshen 2024 ƙa'idar ta rushe, kuma har yanzu ƙura ba ta lafa ba.

Sai an san yadda tsanin yake kafin a gane abin da ya canja. A ƙasa akwai gasar yara, wadda ake rabawa bisa shekaru, 'yan ƙasa da 15, 'yan ƙasa da 16, 'yan ƙasa da 18, kuma ajin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne wanda ake wa laƙabi da AAA. Iyaye ne ke biyan komai a nan: kuɗin ƙungiya, takalman zamiya, sanduna, otal da man mota, abin da kan haura dala 10,000 a shekara ga gidaje da yawa. A jihar Minnesota kuwa makarantun sakandare ne ke riƙe da wasan, har gasar ƙarshe ta jihar kan cika babban filin birnin Saint Paul maƙil. A sama da wannan akwai juniya. Kanada tana da CHL, gamayyar gasa uku: OHL a Ontario, WHL a yamma, da QMJHL a Quebec da gabar tekun gabas. Amurka tana da USHL a mataki na ɗaya, NAHL a na biyu, sai tarin ƙananan gasa a mataki na uku inda ɗan wasa ne ke biyan kuɗi a sa shi.

Tsohuwar matsalar ta samo asali ne daga hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA. A da hukumar tana ɗaukar CHL a matsayin gasar ƙwararru, saboda ana ba yaran ɗan alawus, kuma wasunsu sun riga sun sa hannu da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar duniya. Don haka duk yaron da ya buga ko da wasa ɗaya a CHL ya rufe wa kansa ƙofar jami'ar Amurka. Har zuwa sansanin gwaji ma sai da lissafi, domin idan ƙungiyar ta ɗauki nauyinsa fiye da sa'a 48 ya shiga matsala. Ke nan yaron da gemu bai fito masa ba shi ake sa wa ya yanke hukuncin da ba a warware shi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Hanyoyin biyu, ta CHL da ta jami'a, duk sun fitar da gwanaye. Connor Bedard ya bi ta Regina Pats a WHL, ya zama zaɓi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL a 2023. Macklin Celebrini ya bi ta makarantar Shattuck-St. Mary's, sannan Chicago Steel a USHL, sannan Jami'ar Boston, shi ma ya zama zaɓi na farko a 2024. Amma ba irin waɗannan ne suka kawo ƙarshen dokar ba. Wani matashi ne ɗan Ontario mai suna Rylan Masterson, wanda ya buga wa Windsor Spitfires wasannin share fage guda biyu kacal a 2022 yana ɗan shekara 16, ya rasa damar jami'a saboda su. A Agustan 2024 ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Buffalo yana cewa dokar ta saɓa wa dokokin hana babakere. Wata guda bayan haka Braxton Whitehead na Regina Pats ya sanar cewa zai tafi Jami'ar Jihar Arizona, tun dokar tana nan. Ranar 7 ga Nuwamba 2024 NCAA ta miƙa wuya: daga 1 ga Agusta 2025 'yan CHL na iya buga wa manyan jami'o'i.

Ba tausayi ne ya sa hukumar ta sauko ba. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗaliban 'yan wasa su karɓi kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu, kuma kotuna sun sha kayar da NCAA a kan batun biyan 'yan wasa. Hukumar da ɗalibanta ke karɓar dubban daloli ba ta da bakin cewa yaron da aka ba kuɗin aljihu a Saskatchewan ya zama ƙwararre. Ta ga alamar faɗuwa a kotu, ta janye da mutuncinta.

Sakamakon farko kowa ya gan shi a daminar 2025. Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse na yankin Yukon, wanda ya tara maki 129 a kaka ɗaya da Medicine Hat Tigers, ya bar WHL ya koma Jami'ar Penn State yana da shekara 17. Porter Martone ya bar Brampton ya tafi Jami'ar Michigan State. Victoria Royals ta rasa Keaton Verhoeff da Cole Reschny a tashi ɗaya, duk suka nufi Jami'ar North Dakota. CHL ta fara rasa taurarinta da wuri, amma ta samu ramuwa daga ƙasa, domin yaran da a da suke guje mata don kare damar jami'a yanzu sun tuttuɗo cikinta. Wadda ta fi jin jiki ita ce BCHL ta lardin British Columbia, gasar da ta gina kasuwarta kan zama matattarar masu jiran jami'a, har ta ɓalle daga hukumar hoki ta Kanada a 2023 don ta yi yadda take so. Babbar ƙungiyarta, Penticton Vees, ta tsallaka WHL a kakar 2025 zuwa 2026. Jami'o'in Kanada ma, waɗanda suka saba gadon tsofaffin 'yan CHL, sun wayi gari Amurka tana kwashe musu su.

Duk wannan labarin manya ne. Abin da ya fi damuna shi ne yaron tsaka-tsaki, wanda shi ne mafi yawa, kuma shi jaridu ba sa kawo hotonsa.

A da, tsoron rasa jami'a wani birki ne. Uba yana iya cewa ɗansa ya ƙara shekara a gasar 'yan ƙasa da 18, ya gama sakandare, a ga yadda jikinsa zai cika, kuma babu mai ganin laifinsa. Yanzu birkin ya tafi. Idan ƙungiyar CHL ta kira, wace hujja za a bayar? Wakilan 'yan wasa da masu farautar hazaƙa suna faɗa wa iyaye cewa babu abin asara, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. A kan ƙanƙara kuwa akwai asara, sunanta lokacin wasa. Ƙungiyar juniya kasuwa ce, tikiti take sayarwa, kuma kocinta aikinsa yana rataye ne da cin wasa. Idan wasa ya yi zafi 'yan shekara 19 da 20 zai tura. Ɗan shekara 16 da ya saba zama tauraron garinsu, wanda ake ba faifan, wato ƙwallon hoki, a duk lokacin da ake neman ci, sai ya tsinci kansa a layi na huɗu yana samun 'yan mintuna, wata rana ma yana kallo daga kujerun 'yan kallo sanye da kwat. OHL da WHL suna buga wasa 68 a kaka, sakandaren Minnesota kuwa 25, amma wasa 68 a benci bai kai 25 da faifan yake a sandarka ba.

Ga kuma bambancin jiki. Tsakanin 16 da 20 ba shekara huɗu ba ne kawai, tsakanin yaro ne da namiji cikakke, a wasan da bangaje abokin karawa a jikin katanga halal ne. Shi ya sa ma hukumar hoki ta Kanada ba ta barin ɗan shekara 15 ya buga cikakkiyar kaka a CHL sai da izini na musamman. John Tavares ne ya fara samunsa a 2005, Connor McDavid a 2012, Bedard a 2020. A cikin shekara ashirin waɗanda aka ba ba su kai goma sha biyu ba, kuma ko a cikinsu akwai wanda bai kai inda aka yi masa hasashe ba: Sean Day, wanda aka ba izinin a 2013, sai a zagaye na uku aka zaɓe shi a NHL.

Sannan rayuwar bayan fili. Yaron da ya tafi juniya riƙo ake ba da shi, wani gida a garin ƙungiyar ya karɓe shi ya ci da shi, ana biyansu ɗan abin cefane. Da yawa sukan dace da iyayen riƙo na kirki har zumunci ya ɗore. Amma ƙungiya tana iya musayarsa da wani ɗan wasa a tsakiyar zangon karatu, ya kwana a wani lardi, sabuwar makaranta, sabon gida. Tafiye-tafiyen a mota ake yinsu, dare da sanyi, kuma Kanada ba ta manta ranar 6 ga Afrilu 2018 ba, da babbar mota ta afka wa bas ɗin Humboldt Broncos a Saskatchewan, mutum 16 suka rasu. A 2020 CHL ta amince ta biya dala miliyan 30 na Kanada don sasanta ƙarar tsofaffin 'yan wasa kan mafi ƙarancin albashi, kuma a shekarar ne tsohon ɗan wasan NHL Daniel Carcillo ya jagoranci wata ƙarar kan cin zarafin da manya ke wa sababbin shiga. An yi gyare-gyare tun daga lokacin, amma uwar da za ta miƙa ɗanta tana da haƙƙin ta yi tambaya.

Kada a ɗauka zaman gida kullum shi ne daidai. Yaron da ya fi ƙarfin ajinsa, yana wuce sa'o'insa kamar an kafe su, ba abin da zai ƙara koya a nan sai kasala da munanan ɗabi'un wasa. Kuma ga talaka juniya sauƙi ce: CHL da USHL ba a biyan kuɗin wasa, kayan aiki na ƙungiya ne, CHL kuma tana tanadar wa ɗan wasa kuɗin karatun shekara guda kan kowace kaka da ya buga. Uban da AAA ta tatse shi shekara da shekaru ba za a zarge shi ba idan ya yi ajiyar zuciya. Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne mataki na uku, inda wasu ƙungiyoyi ke sayar wa iyaye sunan juniya da tsada, yaro ya bar gida ya biya dubban daloli, a ƙarshe babu jami'ar da ta leƙo shi.

Waɗanda suka yi haƙuri ma suna da nasu shaidun. Cale Makar, wanda WHL ta zaɓa can ƙasa-ƙasa saboda ƙanƙantar jiki, ya ci gaba da gasar yara a Calgary, ya je Brooks Bandits a ƙaramar juniyar Alberta, aka zaɓe shi na huɗu a NHL a 2017, ya wuce Jami'ar Massachusetts, yau yana cikin 'yan bayan da suka fi kowa a duniya. A shekarar ce aka zaɓi Casey Mittelstadt na takwas, bayan ya koma ya ƙarasa ajinsa na ƙarshe da abokansa a sakandaren Eden Prairie maimakon ya share kakar gaba ɗaya a USHL.

Akwai wani lissafi da ba a cika faɗa wa iyaye ba. NHL tana zaɓar mutum 224 ne a shekara daga duniya baki ɗaya, ƙungiya 32 zagaye bakwai, kuma mafi yawansu ba sa zama 'yan wasanta na dindindin. Manyan ƙungiyoyin jami'a sittin ne da 'yan kai, kuma wata sasantawar kotu a 2025 ta ƙayyade wa jami'o'in da suka shiga tsarinta mutum 26 a ƙungiya. Kujerun ba su ƙaru ba, masu nemansu ne suka ƙaru da dukan 'yan CHL. Yaron da aka yi wa alkawarin gurbi tun yana 16 yana iya jin an ce ya ƙara jira, domin koci ya samu ɗan shekara 20 da ya buga kaka huɗu a OHL. Dama can sabon ɗalibi a hokin jami'a yakan shiga ne yana kusan 20, abin da ke nuna cewa wanda ya tafi juniya a 18 bai makara ba ko kaɗan.

A ganina sabuwar dokar alheri ce, domin ta cire wa yara wani nauyi da bai dace da shekarunsu ba. Sai dai ta bar iyaye babu uzurin da za su fake da shi, dole su dubi ɗansu su auna shi da kansu. Kafin a sa hannu, uba ya zauna da kocin ya tambaye shi a wane layi yaron zai buga, 'yan shekara 16 nawa ya sa a bara kuma mintuna nawa suka samu, wa zai riƙe shi, wace makaranta zai shiga, me zai faru da kuɗin karatunsa idan aka sallame shi a watan Nuwamba. In kocin ya kasa ba da amsa a fili, yaron ya ƙara shekara a gida.