Amsar Wasiƙunku: Sai da Takardar 'Yan Sanda?

Wani mai sauraronmu daga Maradun yana tambaya: in an harbi mutum, sai da takardar 'yan sanda likita zai duba shi?

To Malam, a'a. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, karɓarsa nan take, ba takarda, ba kafin alƙalami. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Kai da ka kawo shi, doka ta hana a tsangwame ka.

Don haka jama'a, ku danne raunin da ƙyalle mai tsabta, kada ku tono harsashi. Ku garzaya babban asibiti mafi kusa, ko Maradun, ko Bakura, ko Talata Mafara. Allah ya kiyaye.