Faifan Inna da ɗakin gwaji

Inna ba ta ɗora wake a wuta sai ta zauna a tabarma ta baza shi a faifai. Da ɗan yatsa take turawa, mai kyau ya yi nan, tsakuwa da mai huji su yi can. In ƙanwata ta ƙosa ta ce a zuba haka nan, sai Inna ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, haƙorin babanki kike so ki karya?" A wajenta wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ba a gidanta za a yi wannan ɓarnar ba.

Abin da ke damuna yau shi ne, abin da ke ɓata waken ya fi ƙarfin faifai. Waken da ka gani sumul a kasuwar Lafiya, babu huji ko ɗaya, wani lokaci shi ya fi haɗari, domin an yayyafa masa maganin ƙwari irin su Sniper kafin a ɗinke buhu. Ragowar wannan sinadari, wato diklobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Haka gyaɗa da masarar da aka tara da danshi: fumfuna na haifar musu da gubar aflatoksin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Idon Inna, duk kaifinsa, ba ya ganin waɗannan.

To wa zai tsince mana? A nan nake kallon makarantunmu. Lafiya ba ta rasa su ba: ga Kwalejin Aikin Gona, ga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗakin gwaje-gwajensu shi ne faifan da ya kamata riɗin Doma da agushinmu su bi ta kansa kafin su kama hanyar Legas, balle ƙasar waje.

Kuma an ga irin abin da jami'a ke iya yi idan ta sauko ƙasa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe wa ƙwari iska har su mutu ba tare da ɗigon magani ba, daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, an kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Aflasafe, da ake watsawa a gona don rage aflatoksin, masanan cibiyar IITA ta Ibadan ne suka haɗa shi da abokan aikinsu. Duka biyun ba su yi amfani ba sai da aka kai su ƙauye aka nuna wa manomi da hannu.

Ƙanwata ba a littafi ta koyi tsintar wake ba, a gefen Inna ta zauna har hannunta ya faɗa. Don haka nake roƙon malamanmu na Shabu da sauran makarantun: kafin ɗalibi ya karɓi digiri, a tura shi ya yi kaka guda tare da masu shanya a bakin kwalta da masu ɗinke buhu a kasuwa, ya ɗebo samfuri ya gwada, sannan ya koma ya faɗa musu abin da ya gani da harshen da suke ji.