Farfaɗiya da karatun jami'a: Yadda zango guda ke rusa maki, da yadda ake farfaɗo da shi

A makon jarabawa, ajujuwan jami'o'in Najeriya ba sa rufuwa da dare. Ɗalibai kan raba dare suna bita har asuba. Ga mai fama da farfaɗiya kuwa, wannan al'ada tarko ce, domin rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke ɗauke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Sai dai maganin ma yana da nasa nauyin. Phenobarbitone, wanda ake amfani da shi tun 1912 kuma arha ta sa ya yaɗu, yana kawo gyangyaɗi da kasala da raunin riƙe karatu. Carbamazepine kan jawo jiri da barci, musamman a makonnin farko. Ɗalibi zai karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba, malami kuma ya ɗauke shi malalaci.

A nan ne wasu ke tafka kuskure mafi haɗari: su ajiye maganin da kansu don idonsu ya buɗe. Yanke irin wannan magani farat ɗaya na iya tayar da faɗuwa mai tsanani wadda kan kai ga rasa rai. Likita ne kaɗai ke da hurumin rage adadi, ko sauya lokacin sha, ko canza maganin, kuma sau da yawa ɗan wannan gyaran ke dawo da kaifin ƙwaƙwalwa.

Ɓarnar da ke faɗa wa maki kuwa lissafi ne a fili. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da CGPA 4.0 a kan yunit 40, idan ya faɗi dukkan kwasa-kwasan zango mai yunit 20, zai gangaro zuwa 2.67, wato daga daraja ta biyu ta sama zuwa ta ƙasa. A galibin jami'o'i, sifirin yana nan cikin lissafi ko bayan an maimaita kwas an ci. Ga kuma wa'adi: digirin shekara huɗu ba ya wuce shekara shida.

Da ɗalibin ya nemi jingine zangon tun da wuri, da sifirin bai shiga ba. Hanyar ita ce rahoton likita, wanda asibitin jami'a zai tantance, sannan takardar nema ta bi ta hannun shugaban sashe har zuwa majalisar dattawan jami'a. Rahoton da aka kawo bayan an kafe sakamako ba kasafai yake yin tasiri ba. Abin takaici, kunya ce ke hana da yawa kai takardar. Har yanzu akwai gidajen da ke danganta ciwon da iskoki, akwai kuma masu gudun wanda ya faɗi saboda zaton yawunsa na yaɗa cutar, alhali ba a ɗaukarta. Wanda ya taso cikin wannan tsangwama gara masa a ce ya faɗi jarabawa da a san sirrinsa.

Amma ko an makara, ramin yana cikuwa. Idan wancan ɗalibi mai 2.67 yana da sauran yunit 120, har da waɗanda zai maimaita, samun B a kowane kwas zai mayar da shi 3.56. Hakan na buƙatar ya ɗauki yunit daidai ƙarfinsa a kowane zango, ya fara da kwasan da wasu ke dogara a kansu, ya mayar da bitarsa rana, ya kuma sanar da abokin ɗaki ɗaya abin yi idan ciwon ya tashi: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya da shi asibiti idan jijjigar ta wuce minti biyar.