Shari'ar Jar Rigar Sanyi: Yaya za a rubuta labarin mutumin da anka kashe ana gardama?

Ranar 28 ga watan Yuli na shekara ta 1976, tun kafin gari ya waye, anka fille kan wani saurayi ɗan shekara 22 a gidan kason Baumettes na birnin Marsey, a kudancin ƙasar Faransa. Sunanshi Christian Ranucci. Kotu ta same shi da laifin sace wata yarinya ƴar shekara 8 da kashe ta. A wurin hukuma, magana ta ƙare ran nan. A wurin masu alƙalami kuwa, ran nan ta soma. Editoci, wato masu duba rubutu kafin a buga shi a jarida ko a littafin tarihi, sun daɗe suna ja-in-ja a kan tambaya guda: da waɗanne kalmomi za a ba da labarin wannan mutum, ba tare da an zalunci kowa ba?

Abin da kowa ya yarda da shi

Ranar 3 ga watan Yuni na 1974, da hantsi, yarinyar tana wasa da ƙanenta ɗan shekara 6 a kusa da gidansu cikin Marsey. Wani mutum ya tsaya da mota, ya ce karenshi ya ɓace, ya tura yaron nema. Da yaron ya komo bai tarar da yayarshi ba.

A wannan rana da tsakar rana, Ranucci, wanda ke zaune a birnin Nis, ya yi karo da wata mota a wata mararraba da ke wajen Marsey, ya gudu. Wani mutum da matarshi sunka bi shi da tasu mota, sunka ɗauki lambar motarshi. Daga baya motar tashi ta kafe cikin wani kogo inda ake noman naman kaza, sai da mutanen wurin sunka taimake shi ya fito da ita.

Ranar 5 ga wata jandarmomi sunka sami gawar yarinyar cikin kurmi, ba nisa da mararrabar, an sossoke ta da wuƙa. Cikin kogon kuma sunka tsinci wata jar rigar sanyi. Anka kama Ranucci ran nan. Washegari ya amsa laifi a gaban ƴan sanda, ya faɗi inda ya ɓoye wuƙa, anka tono ta cikin tarin taki a bakin kogon. Bayan wani lokaci ya janye maganarshi, ya ce ba shi ne ba. Kotun Aix-en-Provence ta yanke mashi hukuncin kisa ranar 10 ga watan Maris na 1976, shugaban ƙasa Valéry Giscard d'Estaing kuma ya ƙi yi mashi afuwa.

Inda shaida ta saɓa

Cikin 1978 marubuci Gilles Perrault ya fitar da littafi mai suna Le Pull-over rouge, ma'ana jar rigar sanyi, ya jera abubuwan da ke kawo shakka. Ƙanen yarinyar bai gane Ranucci ba sa'ad da anka jera mashi mutane. Wani mai gyaran mota da ya ga an ɗauki yarinyar shi ma bai gane shi ba, ya kuma ce motar Simca 1100 ce, alhali kuwa ta Ranucci Peugeot 304 ce. Rigar da anka tsinta ta yi ma Ranucci girma, ga shi kuma wasu mutane sun kai ƙarar wani mai jar rigar sanyi da ke tare yara a unguwannin Marsey cikin kwanakin nan. Mutumin da matarshi da sunka bi motar, an rubuta da farko cewa ƙunshi sunka gani a hannun direba, daga baya sunka ce yarinya ce. Jinin da ke jikin wandon Ranucci na rukunin A ne, rukunin yarinyar ke nan, amma shi ma nashi ke nan.

Masu ganin ya yi laifin su ma suna da hujja mai nauyi. Sun ce ba ƴan sanda kaɗai ya amsa ma laifi ba, ya maimaita a gaban alƙalin bincike. Sun ce in ba shi ya ɓoye wuƙar ba, yaya anka yi ya san inda take? Wani tsohon jami'in ƴan sanda, Gérard Bouladou, ya rubuta littafi cikin 2005 don ya kare wannan ra'ayi. Sau uku anka nemi a sake duba shari'ar, sau uku hukumar shari'a ta ƙi: cikin 1979, da 1987, da 1991.

Ra'ayi biyu a teburin edita

A nan ne editoci sunka rabu. Kashi na farko sun ce: kotu ta yanke hukunci, ba a soke shi ba, saboda haka a rubuta "wanda ya kashe yarinyar", a wuce wurin. A ganinsu, edita ba alƙali ba ne da zai sake zaman shari'a a ofishinshi, kuma duk shakkar da anka ƙara cikin labari, gishiri ne ake zuba ma iyayen yarinyar a miki.

Kashi na biyu sun ce: kotu mutane ne, mutum kuwa ajizi ne. Wanda anka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe mashi ƙofa a ba shi haƙuri, amma kan da anka fille ba ya komawa. Don haka wajibi ne a sa shakka a sahun gaba, har wasunsu kan kira al'amarin "kuskuren shari'a" kai tsaye.

Kowane kashi ya riƙe gaskiya rabi. Na farko ya manta cewa hukuncin kotu yana nuna abin da alƙalai sunka gamsu da shi ne, ba ya shafe saɓanin shaidu. Na biyu ya manta cewa shakka ba hujjar rashin laifi ba ce, kuma babu kotun da ta taɓa wanke Ranucci. Akwai kuma masu neman sulhu da mudu, su ce a ba kowane gefe layi goma goma. Wannan ma ba adalci ba ne, domin hukuncin kotu da zancen kasuwa ba su hawa sikeli ɗaya.

Kalma guda, nauyi daban

Mafita tana cikin jimla kanta. Wanda ya rubuta "Ranucci ya kashe yarinyar" ya ɗora shaidarshi a kan abin da bai gani ba. Wanda ya rubuta "an kashe marar laifi" ya yi daidai da haka ta ɗaya gefen. Amma wanda ya rubuta "kotun Aix-en-Provence ta same shi da laifi cikin 1976" ya faɗi abin da ba mai iya ƙaryatawa. Haka zancen amsa laifi: in an ambace shi, dole a ambaci janyewa; in an ambaci janyewa, dole a ambaci wuƙa. Ɓoye ɗaya daga cikinsu ƙarya ce ko da kowace kalma da anka rubuta gaskiya ce.

Maganarshi ta ƙarshe misali ce mai kyau. Lauyoyinshi sun ce kafin ya mutu ya roƙe su su wanke sunanshi. Wasu da sunka halarci wurin kuma ba su tabbatar da haka ba. Editan kirki ba ya share maganar, ba ya kuma buga ta kamar da kunnenshi ya ji. Sai ya rubuta: "in ji lauyoyinshi".

Wanda ya ƙetare wannan iyaka yakan gamu da doka. Perrault bai tsaya ga shakka ba, ya zargi ƴan sandan da sunka yi bincike, kotu kuwa ta same shi da laifin ɓata musu suna cikin 2008 saboda wani littafi da ya sake rubutawa a kan al'amarin. Fim ɗin da Michel Drach ya yi cikin 1979 shi ma sai da kotu ta sa anka cire wasu wurare, bayan iyayen yarinyar sun kai ƙara.

Maganar da anka gutsure

Hatsarin bai tsaya ga littafi ba. Makonni uku kafin shari'ar Ranucci, anka kama wani mutum, Patrick Henry, a garin Troyes bisa kisan wani yaro. Ranar 18 ga watan Fabrairu na 1976 mai karanta labarai a talabijin, Roger Gicquel, ya buɗe labaran dare da cewa Faransa tana cikin tsoro. A sauran jawabinshi ya gargaɗi jama'a kada tsoro ya kai su ga ramuwar gayya, amma jimlar farko kaɗai mutane sunka riƙe. Cikin wannan zafin rai anka yi shari'ar Ranucci. Patrick Henry kuwa, wanda ba a shakkar laifinshi, ya tsira da ranshi cikin 1977, lauya Robert Badinter ne ya kare shi. Magana zarar bunu ce, ta jarida kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Bayan Ranucci mutum biyu kaɗai anka sake kashewa bisa hukunci a Faransa, na ƙarshe cikin watan Satumba na 1977. Ranar 9 ga watan Oktoba na 1981, zamanin shugaba François Mitterrand, Badinter yana ministan shari'a, doka ta soke hukuncin kisa. Soke dokar bai warware tambayar ko Ranucci ya yi laifi ba, kuma edita mai gaskiya ba ya cakuɗa tambayoyin biyu. Mutum na iya ƙin hukuncin kisa alhali ya gamsu Ranucci ya yi kisan.

Darasin bai tsaya ga ƴan jarida ba. Duk ma'aikacin da ke rubuta rahoto, da sakataren da ke ɗaukar bayanin shaida, suna kan wannan sirat ɗin. Aikinsu shi ne su raba abu uku: abin da anka tabbatar, da abin da kotu ta yanke, da abin da wani ya ce, su kuma jingina kowace magana ga mai ita. A labarin Marsey uwa biyu ne sunka rasa ɗiyansu. Rubutun da ya cancanci a buga shi ne wanda kowace daga cikinsu, ko da bai yi mata daɗi ba, ba za ta iya nuna layi guda ta ce ƙarya ce ba.